Gaɓar Baba Fes

A asibiti aka laƙaba masa Baba Fes, tun bai kai a kira shi baba ba. Shi ne mai goge ƙasa a ɓangaren tiyata. Idan ya wuce da bokitinsa da tsummansa, sai ka duba fuskarka a siminti. Likitoci sun zo sun tafi, an sauya shugabanni, an sauya fentin bango, shi yana nan duƙe yana bin lungu-lungu. Darasi ɗaya aikin ya koya masa: duk abin da ke kwance a ƙasa datti ne, datti kuwa kisa yake yi. Ba a takarda ya karanta ba. Ya ga mutanen da aka yi wa aiki lafiya lau, ƙazanta ta bi ta ciwon ta tafi da su.

Ranar da ya yi ritaya an tara mutane, an yi jawabai, an ba shi agogon bango. Washegari wani ya ɗauki bokitin, asibiti ta ci gaba da harkarta kamar ba a taɓa yin sa ba.

Ɗakinsa ɗaya ne, a bayan wani shagon walda. Katifa, rediyo, kujerun roba biyu. Ɗayar ta matarsa ce, kuma tun da ta rasu ba wanda ya zauna a kai, amma kullum sai ya goge ta. 'Yarsu tilo tana can wani gari mai nisa da mijinta da 'ya'yanta. Takan kira, ta tambayi ƙafarsa da hawan jininsa, sai wani yaro ya fashe da kuka a bayanta, ta ce za ta sake kira. Sharar ɗakin ba ta ɗaukar sa komai. Yakan share, ya goge, ya sake gogewa, ya ɗaga kai ya ga hantsi ma bai gama yi ba.

Wata Asabar yana tafe a kan gada, ba don yana da wurin zuwa ba, sai ya hango mutane a ƙasa, bakin kogi, da buhuna da safar hannu. Ya san kogin nan tun yana ɗauke da kifi. Yanzu leda da robobin lemo da tsofaffin takalma yake ɗauka. Ya tsaya yana kallon wani ƙaton mutum mai baƙin mai a farce yana jan manjagara kamar mai faɗa da ita. Ya kasa haƙuri. Ya bi ta gefen gada ya gangara.

"Ba haka ake riƙe ta ba," in ji shi.

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa manjagarar. "To Baba, ai da hannu ake gyara, ba da baki ba. Bismilla."

Wannan shi ne Bakanike, mai gareji a bakin titi. Daga ranar Baba Fes ya shiga cikinsu, ba wanda ya ce ya shigo, ba wanda ya ce ya fita. Malama ce ta haɗa su, wata mai koyarwa a firamare, siririya, ba ta ɗaga murya amma ana jin maganarta. Akwai Tela, mace mai yawan dariya da ke ɗaukar hoton komai da wayarta. Sauran kuwa masu zuwa ne yau, gobe a neme su a rasa. Ba wanda ake biya. Ana tsince shara, a cika buhuna, a tura su a baro zuwa bakin titi. In an gama sai a zauna a inuwar gada, Tela ta buɗe filas ɗin shayi, a yayyaga burodi, Bakanike ya sa Baba Fes a gaba.

"Baba, gaskiya ne ko ƙuda ya shiga ɗakinka sai ya cire takalmi?"

"Kai dai ko ka cire takalmi ba za ka shiga ba."

Sai a kwashe da dariya. Ɗan zaman nan bai wuce na shan kofi ɗaya ba, amma a kansa makon Baba Fes ya dogara. Asabar ce kaɗai ranar da wani ke ɗaga murya ya kira shi. Tun daga Laraba yake wanke takalmin robarsa ya jingine a bakin ƙofa.

Da damina ta matso, Malama ta raba gaɓar kogin kashi-kashi, kowa da rabonsa. Ta kuma kira taro a ajinta ranar Juma'a da yamma, ta ce wani da ya san sha'anin koguna zai zo ya yi musu bayani. Baba Fes bai je ba. Ya sha zaman taro a asibiti har ya ƙoshi. Ya ga yadda ake shafe yini ana magana a kan tsabta, a tashi a bar ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin kujeru, shi ya share. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge ƙasa, wa zai zaunar da shi a bencin yara ya koya masa shara?

Abin da aka faɗa a taron kaɗan ne. A kwashe abin da mutum ya zubar, a bar abin da kogi ya ajiye. Ciyawa da saiwoyi da itacen da ya faɗi su ne ke riƙe gaɓa in ruwa ya taso. Bakanike yana wurin, amma tun farkon bayani barci ya ɗauke shi. A makon kuma mahaifiyar Malama ta kwanta ciwo, ta tafi jinya garinsu, ba ta san ranar dawowa ba.

Rabon Baba Fes ya fara daga gindin gada ya tsaya a inda kogin ya karkata. A saman gaɓar akwai jerin ƙananan itatuwa da ƙungiyar ta dasa bara, sun kai ƙugun mutum. A ƙasa dogayen ciyayi ne cunkus, da wata tsohuwar bishiya da ta faɗi, rabinta a ruwa, rassanta sun kama leda da tsummokara kamar shanya.

Bai jira Asabar ba. Me zai zauna yi a ɗaki? Da sassafe yakan fito da buhu da manjagara, shi kaɗai, motoci na wucewa a kan gada ba mai leƙo shi. Cikin 'yan kwanaki ya tsince duk wata leda da roba. Ya hau sama ya dubi wurin, ransa bai kwanta ba. Ciyawar nan maɓoyar datti ce. Bishiyar nan matattarar datti ce, yau ka cire, gobe ruwa ya kawo wani ya rataya mata. A ɗakin tiyata abin da ke tara ƙazanta ba lallashinsa ake yi ba, fitar da shi ake yi.

Ya sayi lauje ya yanke ciyawar. Da ya ga za ta sake tsirowa, sai ya ari fartanya ya bi ta har saiwa, don shi bai iya aikin rabi da rabi ba. Bishiyar ce ta ba shi wuya. Ya ari zarto wurin mai walda, ya dinga yanka ta gunduwa-gunduwa, yana ja yana hutawa, bayansa na kuka. Itacen ya ba wani mai gasa burodi kyauta. Da ya gama ya bi gaɓar da manjagara ya baje ta sumul, ya zo da tsintsiya ya share. Ƙasa ja, tas, ko tsinke babu.

Ranar Asabar Bakanike ya tsaya a kan gada ya riƙe ƙugu.

"Kai! Baba, a kawo gado kawai a fara tiyata!"

Tela ta ɗauki hoto ta gaba, ta ɗauka ta baya. Sai ta sauke wayar. "Amma kamar an ce a bar ciyawa, ko? A taron nan."

"An ce?" in ji Bakanike. "Ni dai na ji an ce sannunku da zuwa, na kuma ji an ce Allah ya kai mu gida lafiya. Abin da ke tsakani sai ki tambayi benci."

Aka yi dariya, maganar ta bi ruwa. Masu wucewa suka dinga tsayawa suna yabawa. Wani ma ya sauko ya ba Baba Fes hannu. Da yamma ya kira 'yarsa don ya ba ta labari. Ya kai inda ya fara yanka bishiyar ke nan ta ce, "Baba, tukunyata na ƙonewa, bari zan kira ka." Ya riƙe wayar a hannu har hasken fuskarta ya mutu. Duk da haka ya kwanta da daɗi a ransa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi kwana da kwanaki yana zuba. Ranar da ya ɗauke, Baba Fes ya fito da buhunsa, a tunaninsa ambaliya ta kawo masa sabuwar shara. Daga kan gada ya tsaya cak.

Gaɓar babu ita. Ruwa ya shiga ta ƙasa ya rarake ta, ta zube gaba ɗaya, ya bar wani wawakeken rami mai bakin wuƙa. Itatuwan da aka dasa duk sun tafi, sai guda ɗaya da ke reto, saiwoyinta a iska. Ƴar hanyar ƙafa da mutane ke bi ta sama ta gutsure rabi. Ya juya ya dubi rabon Bakanike, da na Tela, inda ciyawa take yadda Allah ya yi ta, da ragowar leda ma a ciki. Ruwa ya kwantar da ciyawar, ya shafe ta da laka, amma gaɓar tana nan daram. Bai buƙaci kowa ya yi masa bayani ba. Ya daɗe a tsaye da buhu a hannu, babu abin da zai sa a ciki.

Malama ta dawo a makon. Ranar Asabar ta zo ta tsaya a bakin ramin, sauran na bayanta. Baba Fes ya so ta yi faɗa. Faɗa ya san yadda ake ɗaukarsa, ya sha shi wurin manya da ƙanana.

"Baba," ta ce a hankali, "ba ka zo taron ba, ko?"

"Ban zo ba."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi itaciyar da ke reto. "A gwangwanayen madara muka raine su, ni da 'yan ajina. Kowa da tasa."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Wani daga cikin masu zuwa jefi-jefi ya yi ƙasa da murya, amma ba can ƙasa ba, ya ce tsoho ya share kogi har ya haɗa da gaɓa. Wasu suka danne dariya. Bakanike ya shiga sosa ƙeya. Baba Fes ya cire safar hannun ƙungiya, ya ninke ta, ya ɗora a kan baro, ya hau gada. Tela ta kira shi sau ɗaya, ta ce ga shayi. Bai waiwaya ba.

Asabar ta zo ta same shi a ɗaki. Wata ma ta zo. Yakan zauna a kujerarsa, rediyo na magana shi ba ya ji, kunnensa na bakin ƙofa. In mai walda ya kashe injinsa, sai ya ɗauka sallama zai ji. Sai daga baya ya tuna ba wanda ya san gidansa a cikinsu. Bai taɓa faɗa ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Lambar wayarsa ma ba wanda ke da ita, don shi ba ya makara balle a neme shi. Ashe duk zaman nan, daga gada suka san shi, a gada kuma sanin ya ƙare.

Da 'yarsa ta kira ya gaya mata a taƙaice.

"To Baba, dama wa ya aike ka? Ka yi aikinka ka gama, ka zauna ka huta mana. Kogi na gwamnati ne."

Ya ce to. Me zai ce? Ita tana ganin hutu wani abin marmari ne, don ba ta taɓa samunsa ya yi mata yawa ba.

Wata Talata ya kasa zama, ya je ya leƙa daga kan gada. Ramin ya ƙara faɗi. Itaciyar da ke reto ta tafi. Kowane ruwa da aka yi sai ya ƙara gutsurar wani abu, yana matsowa wajen hanyar ƙafa. Ɓarnar da ya yi ba ta tsaya ranar da ya daina zuwa ba, aikinta take yi ko yana nan ko ba ya nan.

Daga nan bai koma gida ba. Ya tambayi hanyar makarantar Malama, ya tsaya a bakin ƙofa cikin rana har aka fito tara. Da ta gan shi ta ƙaraso da alli a hannu.

"Baba, lafiya?"

Ya ce, "Me aka faɗa a taron nan?"

Ta dube shi, sannan ta durƙusa ta zana masa a ƙasa da ɗan yatsa. A kafa turaku a gindin gaɓar, layi biyu. A cusa rassan itace a tsakani, a danne, a ɗaure. A samo babban gungume a kwantar a gaba, inda ruwa ke duka, ya karɓi ƙarfin. A ciro ciyawa da ƙasarta daga inda ta yi yawa a dasa a baya. Sannan a bar shi. Laka za ta taru, ganye zai taru, tarkacen itace zai taru, kada a taɓa.

"Zai yi muni, Baba. Ba zai yi kyan gani ba ko kaɗan. Kuma ba aikin damina ɗaya ba ne."

"Na ji."

"Mu mun koma sama da gada yanzu. Mun ce sai rani mu waiwayi wajenka."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ta kaɗe hannunta, ta ce ya gaida gida, ta koma aji. Ba ta ce ya zo Asabar ba. Shi ma bai tambaya ba. Wataƙila mantawa ta yi, wataƙila ba mantawa ba ce. Ya tafi da wannan a ransa yana juya shi har gida.

Ya koma bakin kogi, amma ban da Asabar. Ya sami inda ma'aikata ke sassabe itatuwan bakin titi, ya roƙi rassan, suka ce ya kwashe har da godiya. Yakan ɗaure su da igiya ya ja su a ƙasa, mutane na kauce masa, wasu na kallonsa kamar wanda ya taɓu. Ya fiƙe turaku da adda, ya buga su da dutse. Wasu ruwa ya tumɓuke, ya sake bugawa. Bai iya aikin ba, hannunsa bai saba da shi ba, layinsa a karkace.

Abin da ya fi ba shi wuya ba nauyin ba ne. Bayan kowane ruwa sai ya tarar rassan sun cika da ruɓaɓɓen ganye da kara da laka mai wari. Hannunsa da kansa yake miƙewa. Sai ya tsaya, ya zare leda ɗaya da ta maƙale, ya zare roba, ya bar sauran. Wani lokaci sai ya sa hannuwan a aljihu ya juya baya. Wurin ya zama abin ƙyama, irin wanda da a asibiti ne da an kore shi a kansa. Masu wucewa a gada suka daina yabo. Wata mata ma ta leƙo ta ce, "Baba, nan kuma bola aka mayar?" Ya ce mata e.

Saura gungume. Ya samo shi can ƙasa da inda kogin ya karkata, wani kututture da ambaliya ta yar a kan yashi. Ya ɗaura masa igiya ya ja, ko gezau. Ya sa sanda ya banƙara, ya mirgina sau ɗaya ya koma mazauninsa. A gwaji na gaba wani abu ya tsinke masa a baya, ya zauna a kan yashi yana numfashi da baki. Hadari na haɗuwa a gabas. In aka yi babban ruwa babu gungumen nan a gaba, duk abin da ya kafa tafiya zai yi. Ranar Juma'a ce. Ya zauna yana kallon kututturen, ya san ba abin da mutum ɗaya zai yi da shi, komai taurin kansa.

Da safe ya sa takalmin robarsa. Tafiyar da ya saba yi ba tare da tunani ba, yau ta yi masa tsawo. Ya wuce rabonsa, ya bi ta ƙarƙashin gada ya ɓulla sama. Suna nan, sun ragu, ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Malama na ɗaure bakin buhu. Ya tsaya daga nesa kaɗan, bai san da wace kalma zai fara ba.

Bakanike ne ya fara ganinsa. Ya jingina da manjagara.

"A'a! Jama'a ku ɓoye ciyawarku, ga likita ya dawo!"

Tela ta kai masa duka da buhu. "Kai dai ba ka da kunya. Wa ya yi barci a taro?"

"Ni barcina bai ci gaɓa ba."

"Ya ci rabi," in ji Baba Fes.

Bakanike ya yi 'yar dariya ta hanci. "To, na karɓi rabi. Ina ka shige, tsoho? Na zaga bayan kasuwa ina tambayar mai tsabta, aka ce ba su san shi ba."

Baba Fes ya juya. Ya dubi Malama. "Akwai gungume can ƙasa. Ya fi ƙarfina. Ga hadari."

Malama ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi buhunan da ba a gama cikawa ba. "Na bi ta wajenka shekaranjiya," ta ce. "Turakunka na ƙarshe sun yi kusa da ruwa da yawa. Sai an matsar da su."

"To."

"Ku ajiye buhunan, ma dawo kansu."

Suka gangara tare. Da suka isa Bakanike ya zaga kututturen, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ce wannan ai ya fi injin tirela nauyi, kuma duk wanda ya sake masa shi a ƙafa sai ya biya shi ƙafa sabuwa. Baba Fes ya sunkuya zai kama gindin, inda ya fi kauri. Bakanike ya ture shi da kafaɗa.

"Matsa can wajen siririn, Baba. In ka karye a nan wa zai kai ka gida? Ba wanda ya san hanya."

"Bayan shagon walda ne, layin da ke kallon gidan mai."

"Wa ya tambaye ka? Kama."

Ya kama. Tela da Malama suka riƙe igiya. Ɗigon farko ya sauka a kan yashi, Bakanike ya ce a ɗaga, suka ɗaga.